Yatsu Biyar a Kan Rigar Gwaggo

Anti,

Don girman Allah ki karanta wannan wasiƙar har ƙarshe, kuma ki ba ni amsa kafin wata ya ƙare. Yau saura kwana goma sha bakwai. Idan suka cika ban yi komai ba, za a sallami wani dattijo daga aikin da ya shekara goma sha tara yana yi, a kan laifin da ni na aikata da hannuna. Da hannun dama, in za a bi diddigi.

Bari in faro daga farko, don na lura idan na tsorata daga tsakiya nake fara labari.

Shekaruna ashirin da uku. Bara na gama jami'a, na karanta ilimin sinadarai, wata uku da rabi da suka wuce kuma na samu aiki a ɗakin gwaji na wani kamfanin ruwan sha. Aikina shi ne in ɗebi ruwa sau huɗu a rana, in auna, in rubuta abin da na gani. Ina son aikin, don ruwa ba ya fushi idan aka faɗi sakamakonsa. Da yake wurin ya yi nisa da gidanmu, sai mahaifina ya damƙa ni a hannun yayarsa, Gwaggo, in zauna a gidanta.

Gwaggo tsohuwar shugabar makaranta ce. Ta yi ritaya, amma muryarta ba ta yi ba. Ba zan ɓoye alherinta ba: ɗakin 'yarta ta ba ni, ta shimfiɗa mini sabon zanen gado shuɗi, kuma ba na fita da safe sai ta ga na karya da idonta. Sai dai a gidan nan ba a taɓa jin ta ce ta yi kuskure ba. Mijinta, wanda muke kira Abba, ya ce sau ɗaya ta kusa, a shekarar da suka yi aure, daga baya ta gano ashe shi ne ya yi kuskuren.

Sati biyu da fara aikina ƙuraje suka feso mini. A ɗakin gwaji wuni muke da takunkumi a fuska, ga zufa, ga fuskata dama mai maiƙo ce. Na samu ƙaramin littafi na fara ƙirga su kowace safiya a gaban madubi. Ranar farko ashirin da uku ne: tara a goshi, takwas a kumatu, shida a haɓa. Gwaggo ta kama haɓata ta juya ni wajen taga, ta ce ƙurajen yawan tunani ne da rashin cin abinci, kuma maganinsu yana kicin ɗinta. Ta haɗa mini zuma da kurkum da ruwan lemon tsami da wani gari mai ruwan toka da ta ce sirri ne, ta cika mini kwalba. Na tambaye ta ma'aunin kowanne, ta ce hannunta ne ma'auni.

Anti, na yi biyayya. Kwana tara ina shafawa safe da yamma. Raɗaɗi yake mini kamar an watsa barkono, ƙurajen suka tashi daga ashirin da uku zuwa talatin da ɗaya, tabon waɗanda suka mutu kuma ya ƙara baƙi, musamman ta kuncin hagu, ɓangaren da rana take duka idan na tsaya jiran mota. Na ɗebi kaɗan na kai wurin aiki na auna tsaminsa. Fatar mutum wajen biyar take a ma'aunin, kuma raguwar lamba ita ce ƙaruwar tsami. Haɗin Gwaggo bai kai uku ba. Da na ce mata yana mini zafi, ta ce zafin shi ne aikin. Na ɗan yi zancen maganin asibiti, ta ce kada in kuskura in shigo mata da man kanti gida. Ta ga ɗalibanta da yawa da suka bar makaranta da fuska lafiya lau, ta haɗu da su bayan shekaru fuska kala uku, duk a kan mayukan nan. Na san gaskiya ta faɗa, don ni ma na gani.

Shugabar sashenmu ce ta gaji da ganina ina leƙa fuskata a jikin gilashin kabad, ta tura ni wurin likitar fata a lokacin hutun rana. Likitar ta ce in daina lemon tsami daga ranar. Ta rubuta mini sabulun wanke fuska mai sinadarin salicylic acid, da wani farin mai, benzoyl peroxide, kashi biyar cikin ɗari. Sunan yana da tsawo, zan riƙa ce masa Benzo. Ta ce in riƙa lakatar kamar ƙwayar wake, sau ɗaya a rana, in yi haƙuri sati takwas.

Na ɓoye Benzo a cikin safa, safar a cikin kwalin takalmi, kwalin a ƙarƙashin jakar takardun shaidata. Kwalinsa da 'yar takardar bayanin na jefar tun a wurin aiki, amma sai da na karanta ta sau biyu. A nan abin kunyar yake. A takardar an rubuta ƙarara cewa man yana koɗar da launin tufafi da gashi. Har layi na ja wa wurin da biro. Na ce a raina ai ni ba tufafi zan shafa wa ba. Ban yi tunanin fuska tana kwanciya a kan filo ba, kuma ana goge ta da tawul. Abin da zai ƙara miki haushi, aikin bincikena na shekarar ƙarshe a jami'a a kan yadda rini yake koɗewa na yi shi. Shafi sittin da biyu, kuma na ci da kyau.

Ita kuwa kwalbar Gwaggo, da yake takan shigo ta ɗaga ta wajen haske ta ga ko tana raguwa, sai na lissafa abin da nake shafawa a da, ya kama cokalin shayi ɗaya a rana. Kullum sai in ɗebi cokali guda in zuba a kwamin wanke fuska in sakar masa ruwa. Yau sati goma sha ɗaya kenan. Kwamin ya koma rawaya, ina dirje shi da tsohon buroshin haƙori. In faɗi gaskiya, ba ƙurji ko ɗaya a jikinsa.

Benzo ya yi aiki. Sati biyun farko fatata ta bushe tana ɗan saɓewa, daga nan lissafi ya fara sauka. A sati na takwas saura huɗu. Yau da safe uku na ƙirga, ɗaya ma ina zargin cizon sauro ne.

Gwaggo kuwa ba a magana. Duk baƙuwar da ta shigo sai an kira ni falo, a kama haɓata, a juya ni wajen taga kamar ana tallan ƙwarya. Ta ɗauki hotona ta haɗa da wanda ta ɗauka da farko ta tura wa ƙawayenta a waya. Sun sa wa haɗin suna Haɗin Hedimistires. Kwalba huɗu ta riga ta bayar, kyauta, har da sharaɗin kada a haɗa shi da man kanti. Shekaranjiya 'yar ɗaya daga cikin ƙawayen nata ta turo mini saƙo tana tambaya ko ni ma ya yi mini zafi haka da farko. Na rubuta amsa na goge sau shida. Daga ƙarshe na ce mata ta ɗan huta da shi. Na san wannan ba amsa ba ce.

To, ga dattijon. Mai wanki da guga ne, sunan da kowa ya san shi da shi Baba Bakwai, don ranar Talata da Asabar ƙarfe bakwai daidai yake ƙwanƙwasa ƙofa. Na gwada shi da agogona sau goma sha huɗu, sau ɗaya ya makara da minti biyu, daga baya na gano agogona ne ya yi gudu. Shi ya wanke kayan makarantar 'ya'yan Gwaggo har suka girma suka watse. A bayan kicin yake aiki, kusa da tankin ruwa, da bahonsa uku da 'yar rediyonsa a rataye a ƙusa. Idan maɓalli ya fita, a aljihun rigar za a same shi a naɗe cikin takarda. Gidaje huɗu yake wa wanki a layinmu ban da namu, kuma duk Gwaggo ce ta kai shi.

Rigar filo ce ta fara. Ta dawo daga wanki da wani faci mai ruwan tsatsa a tsakiya. Sai tawul biyu masu shuɗi mai duhu da 'yar Gwaggo ta aiko mata, sai gefen zanen gado, sai wuyan hijabaina guda biyu. Abin da ya ɗaure wa kowa kai, idan aka ba da kayan ba a ganin komai, sai sun sha ruwa da guga facin yake bayyana. Don haka duk wanda ya duba zai ce a hannun mai wanki abin ya faru. Gwaggo ta kira shi ta baje masa kayan a kan tebur kamar takardun jarrabawa. Ya ce shi ruwan bilic a bokiti daban yake ajiye shi, mai jan mariƙi, kuma bai taɓa kusantar da shi ga kaya masu kala ba. Gwaggo ta ce tsufa ba ya sallama kafin ya shigo. Abba ya ce yadin zamani ne ba shi da auki, ya juya shafin jaridarsa. Ni ina tsaye a ƙofa ina gyaɗa kai, don wallahi a lokacin ban kawo kaina ba.

Sai rigar. Gwaggo tana da wata doguwar riga koriya shar mai duhu, malaman makarantarta suka haɗu suka ɗinka mata ranar da ta yi ritaya. Wata Asabar da yamma na gama shafa Benzo kenan sai ruwan sama ya sauko, Gwaggo ta ƙwala mini kira daga falo in kwashe shanya. Na fita da gudu ban wanke hannu ba. Ranar Talata Baba Bakwai ya shimfiɗa rigar zai goge, sai ga tafin hannu a bayan kafaɗa, yatsu biyar reras, kamar an buga hatimi.

Maƙwabciyarmu ta shigo ta gani ta ja da baya, ta ce wannan ba hannun bil'adama ba ne, a nemi turare. Gwaggo ta ce shekara talatin da biyar tana koyarwa aljani bai taɓa dafa ta ba, sai yanzu da ta zauna a gida? Ta ce hannun mutum ne da ya tsoma a bilic ya damƙi riga, kuma ta san mutumin.

A nan na tuna layin da na ja da biro. Amma ni ba na yarda da zato. Na yanka gefen wani tsohon siket ɗina shuɗi gida shida. Na farko ban sa masa komai ba, na biyu ruwa, na uku sabulun wanki, na huɗu haɗin Gwaggo, na biyar ɗigon bilic, na shida Benzo. Na bar su suka kwana, na wanke, na goge. Na bilic tun kafin in ajiye shi ya fara fari. Na Gwaggo ya yi rawaya yana ƙamshin zuma. Na Benzo ya fito da ruwan tsatsa, irin na tawul sak. Na maimaita sau uku ko Allah zai sa a samu saɓani. Siket ɗin ya ƙare, sakamakon bai canza ba. Da Gwaggo ta fita unguwa na ɗauko rigar na auna da rula. Yatsan tsakiya santimita bakwai da ɗigo huɗu. Nawa ma haka.

Gwaggo ta yanke hukunci. Ƙarshen wata za ta haɗa masa goma ta arziki, ta ce idonsa ya gaji ya je ya huta, ta koma kai kaya shagon injin wanki da ke bakin titi. Na kuma ji ta a waya tana gaya wa biyu daga cikin gidajen nan su riƙa duba kayansu da kyau. Kin san abin da zai biyo baya.

Abin da ya fi damuna shi ne na Asabar da ta wuce. Na je karɓar kayana a bayan kicin, ya miƙo mini hijabina a ninke, facin yana sama. Ya rage muryar rediyo ya ce, "'Yar boko, tun kafin a haife ki nake wanki, ban taɓa ganin bilic mai yatsu biyar ba." Ya buɗe tafin hannunsa ya nuna mini, ya kusa ninka nawa. Sannan ya ce, "Ki nemi farin tawul. Wata yarinya a gidan ƙarshen layi haka ta yi, aka zauna lafiya." Ya mai da muryar rediyonsa ya ci gaba da guga. Bai gaya wa Gwaggo ba. Ya sani, kuma ya san za a sallame shi, amma bai faɗa ba.

Na yi tunanin hanyoyi. In daina Benzo a ɓoye, facin zai tsaya, amma hukuncin riga yana nan. In jefa takarda ba suna ta ƙarƙashin ƙofa, Gwaggo ta san rubutun kowa a gidan nan har da na mai karanta mita. Na yi minti goma ina tunanin in mara wa maƙwabciya baya a kan aljani, na yi istigfari. Na rubuta rahoto shafi huɗu, da jadawali, da ƙyallayen shida a manne, yana ƙarƙashin katifa. Amma idan na miƙa shi, zan gaya wa matar da ta riƙe ni kamar 'yar cikinta cewa sati goma sha ɗaya ina ɓoye abin da ta hana a gidanta, ina zuba zumarta a kwami, kuma fuskar da take nuna wa ƙawayenta ba aikin hannunta ba ce. Mahaifina zai ji. Shi kansa har yau tsaye yake miƙewa idan ta kira shi a waya.

Anti, yaya zan yi in fitar da Baba Bakwai ba tare da na kunyata Gwaggo ba? In ci gaba da Benzo ko in bari? Kuma baƙin tabo goma sha huɗu da suka rage, za su tafi?

Taki cikin damuwa,
Mai Littafin Ƙuraje

*

'Yata Mai Littafi,

Na karanta har ƙarshe kamar yadda kika roƙa, na yi dariya har sai da aka leƙo ofis a ga ko lafiya, sannan na koma kan maganar dattijon nan dariyar ta tsaya. Ranar da wannan amsa za ta fito kwana tara ne za su rage miki. Na ba ki biyu.

Kin tambaye ni yadda za ki fitar da shi ba tare da ran Gwaggo ya ɓaci ba. Babu wannan hanyar, ki daina nemanta. Da akwai, da mai auna yatsa da rula ta riga ta gano ta. Ran Gwaggo zai ɓaci, za ta yi faɗa, wataƙila ta kwana biyu tana amsa gaisuwarki da hanci. Wannan duk abin da za ki iya ɗauka ne. Shi kuwa gidaje biyar zai rasa, da sunan da ya shekara goma sha tara yana gogewa. Ke da kike awo sau huɗu a rana, ki ɗora su a sikeli ki gani.

Rahoton nan ki bar shi a ƙarƙashin katifa. Tsohuwar shugabar makaranta kika miƙa wa shafi huɗu, jan biro za ta ɗauko ta fara gyara miki waƙafi. Ki jira lokacin da take ita kaɗai, ba Abba, ba baƙuwa, ba maƙwabciya mai turare. Ki ɗauko rigar ki shimfiɗa a gabanta, ki durƙusa, ki ɗora hannunki a kan tabon. Ki ce mata hannunki ne, Baba Bakwai bai da laifi, kuma kin ɓoye mata wani abu. Daga nan ki faɗi sauran a taƙaice, har da kwamin. Kada ki kawo zancen ma'aunin tsami a ranar. Kada ki ce haɗinta bai yi ba, ki ce fatarki ce ba ta ɗauke shi ba kika ji nauyin faɗa mata, don gaskiyar kenan. Macen da ta shekara talatin da biyar a makaranta ta san darajar ɗalibar da ta miƙe tsaye kafin a zane wani a madadinta. Za ta yi fushi, amma za ta gane abin da ta gani.

Ki kuma yi mata adalci a zuciyarki. Tsoronta na man kanti ba na banza ba ne. Mayukan da ta ga sun ɓata fuskar ɗalibanta suna nan a kasuwa, yawancinsu na ƙara haske ne da ake cusa wa magunguna masu ƙarfi, suna sirantar da fata, su ma suna fesar da nasu ƙurajen. Abin da ba ta sani ba shi ne naki ba ya cikinsu, likita ce ta rubuta shi, kuma ba ya sauya launin fatar mutum, sai dai na tawul ɗinsa. Idan ta huce, ki roƙe ta ta raka ki wurin likitar. Ki bar su su biyu su yi magana. Irin su Gwaggo ba sa karɓar gyara daga ƙasa, amma suna karɓa daga gefe.

Abu biyu ne ba za a bar su ba. Gidajen nan biyu da ta kira, ita za ta sake kiran su ta wanke mutumin. Idan tana so ta ce ita ta gano bakin zaren da kanta, ki bar mata, ba lambar yabo kike nema ba. Na biyu, kwalaben nan huɗu. Ba sai ta yi shela cewa haɗinta bai warkar da kowa ba, amma lemon tsamin ya fita daga ciki, garin sirrin nan ma a san ko mene ne, hotonki kuma ya huta. Ita yarinyar da ta turo miki saƙo, kada ki jira Gwaggo. Ki kira ta yau ki ce ta daina gaba ɗaya, ta wanke fuska da ruwa da sabulu marar ƙarfi, in wurin ya yi ja ko ya tashi ta ga likita. Kin san abin da ya fi "ɗan huta da shi", ki faɗa mata.

Batun fuskarki, ni ba likita ba ce, sai da na tambayi wata likitar fata da nake damunta da irin waɗannan wasiƙu. Ta ce lemon tsami a fuska yana ƙona fata, in ya haɗu da rana abin ya fi muni, kuma shi ke barin baƙin tabo mai daɗewa, musamman a fata irin tamu. Zuma ita kaɗai ba ta cika cutar da kowa ba, kurkum kuma rini ne, kwaminki shaida. Benzo yana kashe ƙwayoyin da ke hura ƙurji, sabulun da aka ba ki kuma yana buɗe ƙofofin fata da maiƙo ya toshe. Kada ki daina su don tsoron tawul, kada kuma ki ƙara yawansu don gaggawa, bushewa kawai za ki ƙara. Ki koma wurin likitarki ta faɗa miki yadda za ki ci gaba tunda ƙurajen sun lafa. Ki wanke hannu da sabulu duk lokacin da kika shafa, ki bari ya bushe kafin ki sa kaya, rigar filo da tawul kuma su zama farare.

Tabo goma sha huɗun nan za su dusashe, amma da watanni ake lissafinsu, ba da safiya ba. Abin da ya fi taimaka musu shi ne man kare fata daga rana, kullum kafin ki fita jiran mota, da kuma ɗauke hannu daga matsa ƙurji. Akwai mayuka masu sinadarin niacinamide da sukan taimaka a hankali, ki tambayi likitarki kafin ki ƙara komai. Duk wanda ya miƙo miki kwalba marar suna ya ce cikin sati guda tabo zai ɓace, ki gode masa ki wuce. Littafin ƙirgan nan kuma ki mai da shi na sati-sati. Mai ƙurji uku, ɗaya ma na sauro, ba ta buƙatar rajista kowace safiya.

Rigar ba za ta koma yadda take da wanki ba, launin ya riga ya tafi, ke kika rubuta shafi sittin da biyu a kai. Ki nemi izinin Gwaggo ki kai wa ƙwararren mai rini ya duba ko za ta karɓi launi mai duhu. Tawul biyun kuma ki maye mata su da kanki, ba sai ta tambaya ba.

Mahaifinki zai ji, ƙwarai. Gara ya ji cewa 'yarsa ta yi kuskure ta faɗa, da ya ji bayan shekara cewa ta yi shiru aka kori tsoho.

Idan kin gama da Gwaggo, saura mutum ɗaya. Ranar Talata ƙarfe bakwai daidai ke za ki buɗe masa ƙofa, da farin tawul a kafaɗarki. Ki gaishe shi da kyau, ki ba shi haƙuri, ki gode masa. Ba sai kin yi dogon bayani ba. Ya riga ki kammala binciken, kuma shi bai yanka siket ba.

Allah ya sassauta fushin Gwaggo, ya ƙara wa Baba Bakwai lafiya da ƙarfin ido, ke kuma ya ba ki fuska sumul da zuciyar da ta fi ta.

Antinki